Turaku Huɗu a Gamanar Tani

A Kukar Maje, wani ɗan ƙauye da ke bayan tabkin Madarunfa, har yau in yarinya ta cika zaƙewa wajen aiki sai a ce mata kada ta yi irin ta Tani mai turaku. Yawancin masu faɗin haka ba su san Tani ba. Waɗanda suka san ta kuwa rabin labarin suke bayarwa, su haɗiye rabi.

Tani ba ta taɓa haihuwa ba. Aure ɗaya ta yi, da wani mai jakuna da ake kira Ado, ya rasu shekarar da ƙasa ta samu mulkin kai, ya bar mata ɗaki da rumbu da gamana, wato 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Wanda ta riƙa a matsayin ɗa shi ne ɗan yayarta Hauwa, wadda ta rasu wurin haihuwarsa. An sa wa yaron sunan mahaifinsu, Shu'aibu, saboda haka bakin Tani bai taɓa furta sunan ba. Ɗan Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata Inna.

Da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa, wasu har cikin rumbu. Mai gari ya duba ya ga maraya, ya miƙa shi. Tani ta yi kukanta ta gama, sannan ta ɗaura zane ta shiga matsar man gyaɗa. Shekarun gyaɗa ne, kasuwa na tafiya. Da man nan da ƙuli-ƙuli ta yi masa riga da takalmi tun yana Madarunfa har ya wuce Maraɗi, daga can Yamai. Ita kanta zanenta biyu ne, ɗaya a jiki ɗaya a igiya.

A farkon daminar 1973 ya dawo, ma'aikacin biron noma, wato ofishin aikin gona, a kan ɗan babur ɗin da ake kira mobilet, da wani littafi mai kaurin tubali ɗaure a baya. Littafin da Faransanci yake, ba hoton mutum ko na dabba a ciki, sai lambobi da zane-zane. Ya ce mata na ilmin ƙididdiga ne, da shi ake sanin hatsin da ƙasa ta noma ba tare da an auna kowace gona ba. Ta tambaye shi ko duba ne irin na masu bugun ƙasa. Ya yi dariya ya ce a'a, ana zaɓar 'yan wurare ne a auna, su tsaya a madadin sauran.

"To ai ɗanɗanon miya ke nan," in ji ta. "Ludayi ɗaya ya isa."

Ya ce wallahi ta fi wasu 'yan ajinsu ganewa. Ya buɗe mata wani zane mai kama da ƙwarya a kife, ya ce haka gonaki suke: yawanci suna tsakiya, kaɗan ne masu kyau ƙwarai, kaɗan ne lalatattu ƙwarai. Ya nuna mata shafukan baya, lambobi birjik ba tsari, ya ce da su ake ƙuri'a don kada son zuciyar mutum ya shiga zaɓin. Duk wannan ya faɗa mata, yana jin daɗin muryarsa. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, kuma shi ne wanda ya kamata ya fara da shi: ba a ƙara wa ludayin gishiri.

Ƙuri'a ta faɗa kan gonaki uku: ta Idi, ta Usman, da gamanar Tani. A kowace ya kafa turaku huɗu, ya kewaye wuri kamar faɗin tsakar gida. Ya ce kada a tuge turakun, kada a girbe abin da ke tsakaninsu sai ya zo da ma'auni.

A Kukar Maje, in matafiyi ya bar maka akuya, ita ke fara cin dusa kafin taka. Haka aka tashe su, haka aka tashi Tani. Ga kuma ajiyar ba ta baƙo ba ce, ta Ɗan Baba ce, aikinsa na farko. Me ake so ta yi? Ta kwashi takin awaki a ka ta zuba tsakanin turakun. Ta yi wa wurin noma ta maimaita. Da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, hatsi ya fara naɗe ganye, sai ta koma jigila da tulu daga rijiya, tana bin kowane gindi tana tsiyaya masa. Sauran gamanar, wadda ita ce abincinta, tana ƙonewa a gabanta, ba ta ba ta ko ɗigo ba.

Ɗelu maƙwabciyarta takan tsokane ta a hanya. "Tani, hatsin nan naki ɗan sarki ne?"

"Na Ɗan Baba ne. Ɗan sarki ya bi layi."

Kada wani ya ce Shu'aibu bai sani ba. Ya zo duba turakunsa wata hantsi ya iske ta da tulu a ka, wuyanta na rawa. Shi da hannunsa ya kama ya sauke mata. Ya tsaya ya dubi wurin, kore shar a tsakiyar gonar da ta koma launin ƙasa. Ta tambaye shi ko ya yi masa yadda yake so.

"Ya yi, Inna."

Ya bi ta gida ya sha fura ya tafi. Daga baya aka ji cewa maigidansa a biro ba ya son a kawo masa ƙananan lambobi, wanda ya kawo su sai an ce bai iya aiki ba, shi kuma Shu'aibu ba a tabbatar da shi a aikin ba tukuna. Wannan dalili ne, amma ba uzuri ba ne.

Da kaka ya zo da ma'auninsa. Wurin Idi da na Usman abin da suka bayar bai cika ƙwarya ba. Na Tani zangarniya kamar damtse. Ya haɗa ukun ya raba, ya shimfiɗa abin da ya fito a kan gonakin ƙauyen duka, sai Kukar Maje ta fito a matsayin garin da zai iya lallaɓawa har damina. Alhali a cikin littafin nan nasa akwai babi guda a kan lambar da ta ware daga 'yan'uwanta ta yi nisa: an ce a koma a bincika dalili kafin a yarda da ita. Shi ko komawa ba ya bukata. Dalilin, wato tulun nan, da hannunsa ya ɗauka ya ajiye a ƙasa.

Da rani ya tsananta, motocin jar dawa ta taimako suka fara wucewa, wasu wajen Gabi wasu wajen Safo. Ko ɗaya ba ta karyo Kukar Maje ba. Dattawa suka kai kuka, aka turo Shu'aibu da maigidansa su yi bayani a gindin kukar gari. Maza na zaune, mata na tsaye daga baya. Idi ya tambaya wane ido ne ya dubi rumbunansu ya ga hatsi. Maigidan ya juya ya dubi yaronsa. Shu'aibu ya gyara murya.

"Lissafi bai yi kuskure ba. Awon aka ɓata. Wata ce ta yi wa wurinta ban ruwa, ba da sanina ba."

Wata. Ba wanda ya bukaci a faɗi suna, duk kawuna suka juya. Tani ba mai magana a gaban maza ba ce, amma ranar ta matso gaba.

"Ɗan Baba, wa ya sauke mini tulu?"

Ya zuba wa takalmin maigidansa ido. Maigidan ya ce rabon bana an gama shi, baɗi za a gyara. Suka hau mota.

Hatsin turakun da aka mayar mata bayan awo, tun kafin wannan rana ta rabar da shi ga gidaje masu yara. Wannan ba wanda ya tuna. Abin da aka tuna shi ne samari sun watse Jibiya da Katsina, an ci ganye har ganye ya ƙare, kuma autar Ɗelu, Lami, ba ta ga damina ba. Ɗelu ba ta sake yi mata magana ba. A rijiya mata sukan ja gugansu gefe in ta iso. Mutane sun fi samun sauƙin fushi da gwauruwar da ke kusa da su a kan ma'aikacin da ke Maraɗi.

Littafin a ɗakinta Shu'aibu ya bar shi, bai dawo ɗauka ba. Da wata ce da ta ƙone shi. Ita sai ta naɗe shi a tsohon zane ta rataye don gara, tana sauko da shi ta kakkaɓe, saboda ajiya ce.

A 1978 ya zo, cikin motar biro da direba, ya yi ƙiba, da buhun shinkafa da turmin atamfa. Ba ta shigar da shi ciki ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ta kawo ruwa kamar yadda ake wa kowane baƙo, ta koma ta fito da ƙunshin.

"Malam Shu'aibu, ga ajiyarka. Duba ko akwai abin da na ƙara mata."

Bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali yaro ne shi a lokacin, tsoro ya ji, ta yafe masa.

"Ba nan ka faɗi waccan ba," in ji ta. "A gindin kuka ka faɗa. Ga ta can, da mutane. Je ka faɗa musu wannan."

Ya ɗaga kai ya dubi kukar. Idi na zaune, Usman na zaune, suna kallon motar. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ɗauki littafinsa. Ta ce wa direba ya mayar da buhun da atamfar inda ya sauko da su. Motar ta fita ta hanyar bayan gari, wadda ba ta bi ta gaban kukar.

Tani ta rasu da daminar da ta biyo, bayan ta gama noman farko. Shu'aibu ya aiko da goro ranar addu'a.