Baƙon da ya rufe fuskar Tankari

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Tankari. Majo ne a soja, aikinsa ɗaure rauni da ba da magani. Lokacin rikicin arewa aka tura jirginsu ya kwaso waɗanda suka jikkata, jirgin ya faɗi cikin duwatsu tun bai isa ba. Babu wanda ya fita da rai.

A akwati aka kawo mana shi Dogon Dutsi, an buge da ƙusa. Sojan da ya rako gawar ya ja ni gefe, tunda ni ce babba, ya roƙe ni kada a buɗe. Ni na je na shaida wa Inna. Ba ta yi gardama ba, amma daga ranar ta rage cin abinci. Mutuwar ta karɓa. Abin da ya tsaya mata shi ne ɗanta ya kwanta a kan dutse, ba ta san ko wani ya rufe masa fuska ba.

Bayan an yi sulhu da wasu shekaru, wani ɗan kabu-kabu ya sauke mana baƙo a ƙofar gida, Buzu ne dogo mai furfura. Motar kayan da ya biyo ce ta lalace a tasha. Da ya ga mutane da tsagarmu ta Arawa, daga baki zuwa kunne, sai ya shiga tambaya ko akwai gidan da suka rasa soja a jirgi.

Ya zauna bakin tabarma ya ce shi da abokan tafiyarsa ne suka fara isa inda jirgin ya faɗi da safe. A cikin mamatan akwai mai irin wannan tsagar, da jakar magani a kafaɗa. Ya ce ya kware rawaninsa ya lulluɓe shi, suka jawo ƙaya suka kewaye gawarwakin saboda diloli, sannan suka bar wurin kafin sojoji su zo.

Autanmu Ibro ya tambaye shi abin da ya kai shi cikin duwatsun. Mutumin bai ɓoye ba, ya ce a lokacin yana cikin masu ɗauke da bindiga. Ko harbo jirgin aka yi ko iska ce ta kayar da shi, ya ce bai sani ba. Ibro ya miƙe tsaye.

Inna ta ce, "Zamna, Ibro. Wanda ya ruhe mini ɗana ba a kora tai daga gidana."

Ta sa na dama masa fura, ya sha, ya koma tasha.

Sau da yawa ina tunanin abin da Tankari zai ce da ya ga yau. A zamaninsa yaƙi abu ne na nesa, sai a rediyo. Yanzu mai zuwa Dogon Kiriya sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya hau mota, kuma hoton gawa na yawo a salula tun uwa ba ta ji ba. Na tabbata wannan zai ɓata masa rai, don ko raunin mutum ba ya buɗewa gaban jama'a. Ɗiyarsa Hadiza, wadda ya bari a goye, ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Idan ta duƙa kan mara lafiya tana yi masa magana a hankali, muryar ubanta nake ji.

Har gobe Ibro na cewa wataƙila baƙon ƙarya ya yi don ya sauke nauyin da ke ransa. Ban iya rantsewa ba. Na dai ga Inna ta koma cin tuwonta, ta yi sauran shekarunta cikin natsuwa. Kafin ta rasu ta bar mini wasiyya cewa duk sa'ad da na yi wa Tankari addu'a in haɗa da mutumin. Ina yi, ko da yake a ranar babu wanda ya tuna ya tambayi sunansa.