Usta Jabbar da Sojojin Bayan Fasta

Shin hoto na iya tura saurayi fagen daga? Na daɗe ina juya tambayar nan ban sami amsa ba. Usta Jabbar ma bai samu ba, shi da ya shekara hamsin yana zana fastar finafinan yaƙi a nan Basra.

Kullum da hantsi zai buɗe shagonsa a unguwar Ashar, ya aza shayi, ya fiddo fastocin da ya tara ya shanya su a igiya don kada laimar kogi ta cinye su. A wannan makon yake ajiye aiki, zai miƙa su ga wani ɗakin karatu a Bagadaza.

A zamaninsa hoton jarumi kaɗai masu silima ke kawo masa. Sojojin da ke bayan jarumin kuwa, da fuskokin samarin unguwa yake cike su. Har layi suke yi.

"Usta, ka ƙara min gashin baki!" in ji Riyad mai gasa burodi.

"Tsiro da naka tukuna, sarkin tanda."

Sai yaƙin gaske ya zo. Samarin suka tafi ƙirji a buɗe kamar yadda ya zana su, da yawa ba su dawo ba. Riyad na cikinsu.

Da wani ne, da ya ƙone fastocin ya huta. Kai ba ka ƙone ba, Usta. Kai ne ka mayar da su makaranta. Mun sha ganin ka tare matasa masu ɗokin bindiga, kana nuna musu da yatsa: "Ku duba da kyau. Akwai mai jin yunwa a nan? Akwai ƙuda? Ni na share su. Ƙarya na zana, kuma na iya ta." Sattar direba ya rantse cewa maganar nan ce ta hana ɗansa bin 'yan bindiga. Mai buroshi da ya tona asirin buroshinsa, sannu da aiki.

Doka ɗaya gare shi: ba a yanka fasta. Ummu Riyad, wato mahaifiyar Riyad, wadda gidanta ya ƙone da hotunan ɗanta duka, kowace Alhamis takan zo ta zauna gaban wata fasta, tana kallon soja na uku daga hagu. Da ta ji za a tafi da su Bagadaza, ta ce, "Usta, yanko min yarona. Ƙafafun nan ba za su kai ni can ba."

"Hajiya, in na yanka, shaida ta lalace."

"Shaidar wa? Ni na haife shi, kai gashin baki kawai ka sa masa!"

Ya ƙi. Ta tafi ba ta taɓa shayinta ba.

Gaskiyar wa ta fi? Jama'a na da haƙƙin ganin yadda aka yi musu ado da mutuwa, uwa kuma na da haƙƙin fuskar ɗanta. Ni dai na kasa raba gardamar.

Mun gode, Usta Jabbar. Duk mai sana'ar da ya gano aikin hannunsa ya cutar, ya yi koyi da kai, ya tsaya ya faɗa da bakinsa.

Jiya motar ɗakin karatu ta iso. Ummu Riyad na tsaye a bakin ƙofa, ta zo kallon ƙarshe. Ma'aikacin ya kai hannu zai naɗe fastar, Usta ya riƙe shi.

"Dakata, ɗana. Miƙo min almakashin can."

"Usta, za ta yi rami fa!"

"Ta yi. Wanda ya tambaya, ka ce masa nan ne yaƙi ya ci."

Ya yanko Riyad a hankali, ya sa mata a tafin hannu. Sannan ya leƙa waje ya ɗaga murya: "A kira min Ummu Falah da Abu Karim! Su ma 'ya'yansu na cikin fastocin nan."