Layi Ɗaya da Iya Mal-sun Ta Ƙi Yafewa

Kowace safiya, kafin motar haya ta farko ta iso ƙauyenmu Bamgol, Iya Gu Mal-sun ta riga ta ɗaura ɗankwali, ta soka lauje a ƙugu, ta kama hanyar tudu. Matakala ɗari da goma sha biyu ce, kuma ita ta sare su da fartanya. In ta kai sama sai ta share ganye, ta yanke ciyawa, ta cike ramukan da aladun daji suka tona, sannan ta zauna ta ci dafaffen dankalinta. Shekara arba'in da ɗaya tana haka, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ce mata sannu.

Taebong sunan tudun, wato tudun mabiyiya. A zamanin sarakuna, mabiyiyar jinin sarauta sai an wanke ta sau ɗari, a sa a farin tulu, a sa tulun a cikin wani tulun, a rufe da dutse a kan tudu mai kyan zagaye. Tsofaffinmu sun ce ta wata sarauniya ce a kan namu. Ban da faɗar tsofaffi ba mu da wata shaida, domin tulu da allon dutsen duk sun ɓace tun zamanin mulkin Japanawa.

Ni da nake wannan rubutu ba ni da bakin yin alfahari. Ni ne akawun ofishin filaye da ya kori Iya Mal-sun sau goma sha bakwai.

Shekara bakwai da suka wuce aka kafa sanarwa a bakin gari cewa sabuwar hanyar asibiti za ta fasa ta tsakiyar tudun Daebong. A rubutunmu, tsakanin Tae da Dae ɗan layi ɗaya ne a cikin harafin farko. Wani mai zana taswira ya manta shi tun kafin a haife ni, sai tudun mabiyiya ya koma "babban tudu", irin wanda kowace gunduma ke da goma. Mu duka mun karanta sanarwar mun wuce. Iya Mal-sun, wadda sai da ta kai sittin da uku ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ita ce ta tsaya tana bin haruffan da yatsa.

Washegari na ɗaga kai na gan ta a gaban teburina.

"Ɗan nan, kun cinye layi ɗaya."

"Wane layi, Iya?"

"Na tsakiya. Ni da na koyi karatu da furfura na gani, ku masu tabarau ba ku gani ba?"

"Haka taswira ta nuna."

"Ita taswirar a garin nan aka haife ta?"

Na ce ta kawo shaida a rubuce, ina zaton na rabu da ita ke nan. Ashe ban san wadda na taɓo ba. Duk ranar kasuwa sai ta zo, ta zauna a bencin da ke fuskantata, ta ɓare dankalinta tana kallona har a tashi. Sanarwar bakin gari kuwa, da gawayi take ƙara mata layin. Ruwa ya wanke, ta sake.

Garin ma bai goya mata baya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shugaban ƙauye, Pyo Dal-su, a tsohuwar hanya matarsa ta cika kafin su kai asibiti. A taron gari ya miƙe ransa a ɓace.

"Iya, ramin wofi kike gadi. Tulun nan ya shekara casa'in ba ya ciki."

"Ɗakin marigayiya uwarka ma wofi ne, Dal-su. Me ya hana ka zuba awaki?"

Sai ta sassauta murya ta ce, "Ban ce kada a yi hanya ba. Ni ma asibitin nan zai gan ni. Ku karkata ta kawai."

Saura wata guda motocin tono su iso, ta tuna wani abu. Tana yarinya, in tana wanki a rafin bayan gari, takan zura hannu ƙarƙashin falalen dutsen da muke takawa mu tsallake, ta ji zane-zane. Kwana uku ta yi a ƙofar gidan Dal-su kafin ya fito da tarakta, yana ta ƙunƙuni. Da aka kifa dutsen, aka wanke laka, sai ga rubutun dā layi-layi. Mun yi shekara da shekaru muna taka allon sarauniya da takalman gona.

Aka kira wani malamin tarihi ya karanta. Ya ce iyayenta ne suka fara binne mabiyiyar a tudun a makon da aka haife ta. Ginin dutse da allon sai bayan shekara ashirin, da ta zama matar sarki.

"Malam, maimaita," in ji Iya Mal-sun. "Da suka binne, ba su san za ta zama kowa ba?"

"Ba su sani ba, Iya."

Sai ta zauna a bakin rafin da ƙafafunta a ruwa. Ina tsaye kusa da ita, na ji abin da ta ce.

"Ni ce mace ta biyar a gidanmu. Shi ya sa aka sa mini Mal-sun, wai matan su ƙare daga kaina. Tawa mabiyiyar, kakata ce ta wurga ta a rafin nan, ko wankewa ba ta yi ba. To ga wani gida da aka haifi mace, aka wanke tata, aka hau tudu da ita."

Kunya ta kama ni ranar, kuma har yau ba ta sake ni ba. Da hannuna na ƙara layin a taswira, na danna jan hatimi. Hanya ta zagaye tudun, tafiyar ta ƙaru da minti uku. Dal-su yana ƙorafin minti ukun har gobe, amma shi ya ja allon zuwa saman tudun.

Iya, ke ce mai lauje, mai gadin abin da aka ce wofi ne. Ke ce kika koyi haruffa a makare, kika gyara wa masu hatimi rubutu. Bamgol na godiya, kuma wanda ya kore ki sau goma sha bakwai ya fi kowa godiya.

A watan jiya gwiwoyinta suka ce sun gaji, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ciyawa kuwa ba ta san da wannan ba. Ku da kuke karantawa, in kuna kusa, ranar Asabar kafin bikin kaka za mu hau, kowa ya zo da laujensa. In kuna nesa, ku tsaya ku karanta sanarwar bakin garinku da yatsa, ku saurari tsohuwar da ta dame ku a ofis.

Laujenta yana wurina yanzu. Ranar da ta miƙa mini shi a gindin matakala, sai da ta riƙe ƙotar ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka fara yanka daga gabas," ta ce. "Kuma ɗan nan, na san halinka. Kada ka tsallake layi ɗaya."