Shekarar da Inna ta rayu a kan ƙanzo

Har yau in na ji mace ta ce "na ci" alhali ban ga hannunta a kwano ba, raina ɓaci yake yi. Innarmu ce ta bar ni da wannan hali.

Ƙauyenmu yana kusa da Hajj Abdalla. Baba yana da hawasha, gonar da hukuma ta ba shi ya noma auduga. In lokacin tsinka ya zo sai ya ɗebo 'yan ƙwadago, kuma cinsu a wuyanmu yake. Tun asuba Inna tana gaban murhu tana yin kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, hayaƙi na cin idonta. A kai gona, a zuba wa Baba, a zuba mana, ita kuma ta kankare ƙanzon tukunya ta kora da baƙin shayi. Wake da gyada babu, akuyarmu mai nono ta mutu tun da damina. In an tambaye ta, "na ci" ce amsar, don a wajenmu abin kunya ne uwa ta ce tana jin yunwa.

A shekarar da nake faɗa ina budurwa. Fatar bayan hannunta ta yi baƙi, tana saɓa. Daga nan ta daina hira. Sai ta je ɗibar ruwa ta bar tulun can, ta dawo ta zauna tana kuka babu dalili. Wata rana ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Ban iya kuka ba ma.

Kowa ya ce iska ce. Baba ya ɗora ta a keken jaki zuwa masid, wato tsangayar wani faki, malami ke nan, inda ake kai masu taɓin hankali. Ƙa'idar wurin, ba a ba su nama ko nono ko mai, wai kada aljani ya yi ƙarfi. Gayar kisra ce da ruwan rubutu. Wato abin da ya kai ta can shi aka ci gaba da ba ta, har an rage. Ba na cewa wani ya yi mugunta. Baba ma ramewa ya yi.

Sai ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aure a bakin kogi wajen Sinja. Mace ce mai faɗa. Ba ta san magani ba, ganin haƙarƙarin mutum ne ba ta iya jurewa.

"Wanga aljani shi ma ya gaji da yunwa," in ji ta. "Halas, ya isa haka, mu tahi da ita gida."

"Yaya, faki ya hana," in ji Baba.

"Shi ya hana. Ni ban hana ba."

Da muka dawo da Inna gida, Gwaggo ta kwance ƙunshinta, ga busasshen kifi, ga gyada. Ta samo nono a maƙwabta. Ni ke ba Inna a baki, kuma kowane ludayi sai in tambayi kaina ko aljanin nake ciyarwa. Makonni muka yi haka, na gaji har tuwo nakan tuƙa ina gyangyaɗi.

Wata safiya ta ɗanɗana miyata, ta yamutsa fuska, ta kira ni da sunana. "Wa ak koya maki miya babu daddawa?" Ranar ce na yi kukan da ban yi ba.

Da auduga ta sake fashewa, 'yan ƙwadago suka dawo, na same ta tana kankare tukunya.

"Inna, kin ci?"

"Na ci."

Daga ranar na daina sa hannu a kwano sai ta sa. Haka muka yi ta zama muna hararar juna a kan kwano ɗaya har aurena ya zo. Ranar da za a kai ni mata suna ta rarrashina, sun ɗauka kukan amarya ne. Ni kuwa tunanin wanda zai zauna ya tsare ta nake yi.