Da Idonka Ka Ga Man?

Ni ba mai fita ba ce. Injin markaɗena yana tsakar gida, ni ina gindinsa, amma duk abin da ake ciki a Birnin Gwari sai ya biyo ta kunnena, domin mai kawo markaɗe ba ta zuwa da baki a rufe. Inji kuwa sai da fetur, haka ma babur ɗin da maigidana yake acaɓa da shi.

Da mai ya yi wuya, sai 'yan unguwa suka buɗe dandali a waya. Duk wanda ya ga inda ake sayarwa, sai ya faɗi wurin da farashin. Ni saurare kawai nake yi.

Wata Laraba maƙwabcinmu mai shagon cajin waya ya saka saƙon murya a dandalin: akwai mai a Tsohon Birnin Gwari, da sauƙi, ba layi. Maigida ya girgiza tanki ya ce, "Wannan zai kai ni, a can sai in cika."

Ashe saƙon na makon jiya ne! Ya tarar da wurin a garƙame, ko 'yan bumburutu masu sayar da mai a galan babu. Da ƙafa ya turo babur ta hanyar dajin nan, hanyar da mai mota ma sai ya yi addu'a kafin ya hau ta. Waya ba ta shiga. Na kashe inji na zauna bakin ƙofa, kowace ƙara na ji sai in leƙa hanya. Ana kiran Magariba ya shigo, ƙafafu a kumbure, ko sallama ya kasa.

Washegari na yafa mayafi, sai shagon.

"Malam, da idonka ka ga man?"

"Haba Hajiya, turo min aka yi, na tura. Taimako ne."

"Ka tura mutum daji da tsohon zance, ka ce taimako? Da an ɗauke shi, kai za ka je karɓo shi?"

"To ai ga shi ya dawo."

Wai ga shi ya dawo!

Tun daga ranar nake saka muryata. Da faɗin ranar nake farawa: yau Asabar, bayan La'asar, wanda ya sayo ga shi tsaye gabana da galan. Abin da ba na yau ba, ba na faɗa. Mata suna tsokanata, "Uwar gida, nawa ake biyanki?" Ko sisi. Haushi ne kawai, kuma har yanzu bai huce ba.

Mai shagon kuwa, duk saƙon da ya saka sai na bi shi a gaban kowa: yaushe? Wa ya gani? Da ya gaji ya kai ƙarata wurin maigida. Maigida ya dube shi ya ce, "To ka amsa mata mana."