Mai Gaskiya Ba Ya Hayar Baki

Yayana yana da lambu a wani kwari kusa da Gure, inda tudun rairayi ya kewaye ruwa. Rogo yake nomawa da albasa, ga 'yan itatuwan dabino da ya gada wajen kakanmu. Ba ya iya ganin baƙo ya wuce da ƙishirwa, kuma halin nan ne ya ja masa. Wani matafiyi ya kwana a bukkarsa, ya ci tuwonsa, ya karɓi lambar wayarsa. Da aka kama mutumin can wajen Difa, sai aka ga lambar. Jandarmomi suka zo da hantsi, suka iske yayana yana ban ruwa, suka wuce da shi Yamai da laka a ƙafarsa. Wai yana taimakon 'yan ta'adda.

Ɗan kawunmu mai aiki a Damagaram ya taho da sauri. Ya ce doka ta ba kowa damar samun lauya, komai munin abin da ake tuhumarsa da shi, har ma ya san wata lauya da za ta karɓi maganar. Baba ya saurare shi tsaf, sannan ya kaɗa kai.

"Ɗana bai yi komai ba. Mai gaskiya ba ya hayar baki. In na ɗauki lauya, na gaya wa Gure ke nan yana da abin ɓoyewa."

A wajenmu haka aka saba: in an zargi mutum, dattawa ke tashi su shaide shi. Baba ya tara liman da mai unguwa da maƙwabtan lambu, suka je gaban hakimi, kowa ya faɗi alherin yayana, aka shafa fatiha. Ya dawo gida zuciyarsa wasai, kamar an gama shari'a. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, na ce masa alƙalin Yamai bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ce lakwal, wato makarantar boko, ta ɓata ni. Ranar na yi kuka, na baƙin ciki da na haushi.

Ɗan kawu bai haƙura ba. Ya bi hanya har ya ga yayana a gidan kaso, ya ce masa shi da kansa yana iya neman lauya. Yayana ya tambaya ko Baba ya yarda. Da ya ji a'a, ya ce ba zai tsallake maganar mahaifinsa ba.

Shekaru suka yi ta wucewa, ba a kira shari'arsa ba. Aka sauya masa gidan kaso, labari ya yanke. Rairayi ya cinye rabin lambun. Dattawan da suka shaide shi suka fara kauce wa ƙofarmu, don tsoro. Baba ya rame, ya daina fita ko majalisa.

Wata safiya ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna, bai dube ni ba.

"Matar nan da aka ce, ko tana nan?"

Lauyar tana nan. Ta karɓi maganar, ta yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan ba gajiya. Amma aiki ɗaya ta samu yi mana: ita ta nemo mana inda aka binne yayana.