Tayoyin Tauno

A birnin Oulu mai tsananin sanyi ba a yi wa mutum kirari don ya tuƙa keke a cikin dusar ƙanƙara, tunda har 'yan firamare suna yi. Amma Tauno Kemppainen ya ɗauki abin da zafi. Tun yana saurayi har sanƙo ya cinye masa kai, bai taɓa shiga bas zuwa masana'antar katakon da yake aiki ba. Ko ranar da sanyi ke daskarar da gashin ido, za ka gan shi ya iso da gemu fari fat, yana kakkaɓe hula yana yi wa masu mota dariya.

Matarsa ta rasu, 'yarsa ta koma kudu da aiki. Abin da ya rage masa na taƙama shi ne wannan keken, da burin ya yi ritaya a ƙarshen sanyin bana ba tare da an taɓa ganinsa a kujerar mota ba.

Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi. Da sanyi ya kawo kai, kowa yakan sa wa kekensa tayoyi masu ƙusoshi don su kama ƙanƙara. Tauno ya ce wannan na matsorata ne. Raili, mai dafa wa ma'aikata abinci, ba ta raga masa.

"Tsoho, wai me ƙusoshin nan suka yi maka? Ko rowa ce?"

"Ke dai ji da miyar kifinki. Ina hawa kan dusar nan tun ba ki san hanyar makaranta ba."

"To, sannu gwani. Ranar da ka sha ƙasa ni ba na ɗauka."

A gaskiya yana da hujjarsa. Dusar da ya sani busasshiya ce, idan motar share hanya ta danne ta sai ta riƙe taya tsaf. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne sanyin ya canza hali. A tsakiyar Janairu aka wayi gari da ruwan sama, washegari komai ya daskare, hanya ta koma kamar gilashi. Ko da ya leƙo ya gani, bai fasa ba. A gangaren gada keken ya zame, ƙashin ƙugunsa ya karye, ya kwanta yana kallon tayar tana juyawa har wata ɗaliba ta kira motar asibiti.

Aiki dai bai koma ba. Da ranar sallamarsa daga aiki ta zo, abokan aiki suka shirya masa kofi da burodi mai zaƙi. Dole ya hau tasi, abin ya ci masa rai ƙwarai. Da suka kusa sai ya ce wa direban ya sauke shi a bayan rumbun katako, inda ba a hangowa daga taga.

"Baba, akwai santsi a nan fa."

"Na san wurin nan fiye da kai. Tsaya."

Motar ta tafi. Tsakaninsa da ƙofar masana'antar bai fi faɗin fili ɗaya ba, filin da ya ratsa iya rayuwarsa bai ko kalli ƙasa ba. Ya ɗora sandar da yake dogarawa a kan ƙanƙarar, ta zame. Ya janye ta. Ƙafafunsa suka ƙi motsi, gumi ya karyo masa a cikin wannan sanyi, ya rungume ƙarfen fitilar hanya ya tsaya.

A haka Raili ta same shi, ta dawo daga sayo madara a kan kekenta. Ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, da ta ga fuskarsa sai ta fasa. Ta sauko, ta juyo da keken gabansa.

"Ba ni sandar. Kama sirdin nan da hannu biyu, ba zai zame ba."

Ya kama. Suka fara tafiya, tana turawa yana jan ƙafa, ƙusoshin tayoyin kekenta suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsu. A tsakiyar filin ya tsaya, bai ɗago kai ba.

"Raili," in ji shi, "yi a hankali don Allah. Tsoro nake ji."